Yadda Ake Aikin Katako a Tsohon Gida Mai Karkataccen Bango da Daɓe Mai Tudu da Kwari

Kabad ɗin da aka haɗa a kan bencin kafinta kusurwarsa huɗu cif suke, ƙyauren da aka sayo a miƙe yake, sai an kai su tsohon gida a ga sun ƙi zama. A jingina kabad da bango, sama ya taɓa, ƙasa ya bar gurbin da yatsa biyu za su shige. A rataya ƙofa, ta riƙa buɗe kanta ba iska ba kowa. Gidan da ya shekara hamsin ko sittin ya riga ya zauna: harsashi ya nutse a wani ɓangare fiye da wani, katakon daɓe ya lanƙwashe saboda nauyi, an yi filasta a kan filasta, wani bangon ma tun ranar gini ba a saita shi ba.

Sabon shiga yakan ɗauki ɗaya daga hanya biyu, kuma duka ba sa ɓullewa. Ko dai ya bi bangon yadda yake, kayan da ya kafa su karkace tare da gidan, aljihun kabad ya riƙa zamowa da kansa, ko kuma ya ce sai ya miƙar da komai, ya farfashe rabin gida a kan aikin da fensir da zarto za su gama. Abin da ya fi shi ne ka kafa sabon aikinka a saiti, sannan gefen da ya haɗu da tsohon gini ka yanka shi ya bi karkatar ginin.

Fara duba ko gidan ya gama motsi

Akwai karkatar da ta faru tun da daɗewa ta tsaya, akwai wadda har yanzu tana tafiya. Ta farko ita ce ta kafinta. Ta biyu kuwa duk kyan aikin da ka ɗora a kanta tsagewa zai yi.

Nemi tsagar da ke bango. Ja ɗan layi da fensir a inda ta ƙare, auna faɗinta, rubuta kwanan wata a gefe, ka dawo bayan wata ɗaya ko biyu. Idan ta wuce layinka ko ta ƙara buɗewa, gidan bai zauna ba tukuna. Tsagar da faɗinta ya kai milimita 5 ko fiye, da wadda ke hawa mataki-mataki tana bin layin bulo, da ƙofar da bara take rufuwa lafiya bana ta ƙi, duk sai injiniyan gini ya duba kafin ka sayi ko ƙusa ɗaya. Siririyar tsagar filasta wadda farce ba ya shiga ba abin tayar da hankali ba ce.

Sai katakon da ke nan tun asali. Ɗauki sukurudireba ka riƙa sokawa, musamman gindin firem ɗin ƙofa, ƙarƙashin taga, kusa da banɗaki da wurin wanke-wanke, da inda kan katako ya shiga cikin bango. Mai lafiya zai ƙi karɓar baki, wanda gara ta cinye ko ruwa ya ruɓar zai nutse. Ruɓa ba ta kama katako sai damshinsa ya haura kashi 20 cikin 100 ya daɗe a haka, saboda haka duk inda ka gan ta akwai ruwan da ke zuwa daga wani wuri. Toshe hanyar ruwan tukuna, yoyon rufi ne ko famfo ko damshin ƙasa, sannan a sauya katakon.

Ka kuma kula da lafiyarka. Tsohon fenti yana iya ƙunsar dalma. Amurka sai a 1978 ta hana shafa irinsa a gidajen zama, ƙasashe da dama kuwa sun daɗe bayan nan ana amfani da shi. Kada ka goge shi da samfefa a bushe, kada ka ƙona shi, kuma ka nisanta yara daga wurin. Tsohon silin ko rufin asbestos ba a huda shi, ba a yanka shi, ƙurarsa ke lalata huhu. Wayar wuta yawanci a miƙe take tashi daga soket ko makunni, sama ko gefe, amma a tsohon gida ba lallai ne an bi wannan ƙa'ida ba, don haka kashe wuta kafin ka huda bango.

Ja layi ɗaya da za ka amince da shi

A tsohon gida ba a tayar da awo daga daɓe, ko silin, ko kusurwa. Kai za ka samar da layinka, ya zagaye ɗakin a lebur, kowane awo daga shi zai tashi.

Mai na'urar leza nan da nan ya gama. Wanda ba shi da ita, siririn tiyo na roba garai-garai, wanda ake ganin ruwa a cikinsa, ya ishe shi. Ruwan da ke bakin tiyo biyu kullum tsayinsa ɗaya ne, komai nisan da ke tsakani, ko da an zagaya kwana an shiga wani ɗaki. Cika tiyon, ka bar kamar taƙi ɗaya babu ruwa a kowane baki. Fitar da kumfar iska kaf, kumfa ɗaya tana ɓata awo. Haɗa bakunan biyu wuri ɗaya ka ga ruwan ya tsaya daidai da juna. Yi alama a bango a tsayin mita 1 daga daɓe, ko ina ne. Mataimakinka ya riƙe baki ɗaya a wurin alamar, kai ka tafi da ɗayan zuwa kusurwa ta gaba. Shi zai riƙa ɗaga nasa ko sauke shi har ruwan ya tsaya cak a kan alamar, ya yi maka magana, kai kuma ka zana daidai kan ruwan da ke naka bakin. Kada kowa ya toshe baki da yatsa lokacin karantawa, kuma kada rabin tiyon ya kwanta a rana rabi a inuwa, domin ruwan da ya ɗumama ya fi na sanyi hawa. Yi alama a kowace kusurwa da tsakiyar dogon bango, sannan ka haɗa su da zare mai garin alli: a ja shi ya yi tauri, a ɗaga tsakiya a saki.

Idan da ma'aunin lebur mai kumfa za ka yi, gwada shi kansa tukuna. Ɗora shi a kan tebur, duba inda kumfar ta tsaya, juya shi kai ya koma wutsiya a wuri ɗaya. In kumfar ta sauya mazauni, ma'aunin ne ba shi da gaskiya. Gajeren ma'aunin da ake ta matsarwa a dogon bango kuma kuskurensa taruwa yake yi.

Yanzu auna daga layin zuwa daɓe, kowane rabin mita, ka rubuta lambar a jikin bango. A ce ka samu 100, 101.5, 98.8, 102.3. Mafi ƙanƙanta, 98.8, nan ne tudun ɗakin. Mafi girma, 102.3, nan ne kwari. Bambancin santimita 3.5 shi ne abin da za ka yi fama da shi. Zagaye wurin tudun da fensir, za ka dawo gare shi. Idan akwai dogon kabad a aikin, auna daga layin zuwa silin ma.

Bango ta hanya uku yake kaucewa: ya jingina gaba ko baya, ya yi ciki ko rami a tsakiya, ko kusurwarsa ta ƙi sukwaya. Na farko, zare mai ƙarfe a baki ke nuna shi. Rataye shi daga sama, santimita 5 daga bango, bari ya daina lilo, ka auna tazarar a sama, tsakiya da ƙasa. Na biyu, kara miƙaƙƙiyar sanda mai mita 2 a jikin bangon, a tsaye da a kwance, ka leƙa inda haske ke wucewa. Na uku, tsohon lissafin 3-4-5 ne: daga kusurwa auna santimita 60 a bango ɗaya, 80 a ɗayan. Idan tsakanin alamomin biyu 100 ne cif, kusurwar digiri 90 ce. Ya gaza, ta matse. Ya wuce, ta buɗe. Ƙaramin sukwaya na hannu ba abin dogaro ba ne a nan, filasta yakan taru a cikin kusurwa ya ruɗe shi.

Daɓe: lebur daban, sumul daban

Daɓe yana iya zama sumul, ba tudu ba rami, amma gaba ɗayansa ya gangara gefe guda. Yana iya kuma zama lebur daga wannan bango zuwa wancan, tsakiya kuwa duk gargada. Tayil da katakon shimfiɗa sumul suke buƙata, 'yar gangara ba ta dame su ba. Masu ƙera katakon shimfiɗa yawanci suna neman kada rami ya wuce milimita 3 a ƙarƙashin sanda mai mita 2. A ganina ɗakin kwanan da ya gangara santimita 2 a tsawon mita 4 a bar shi haka, a gyara gargada kawai. Ɗaga shi zuwa lebur yana jawo aikin da ba a shirya masa ba: sai an rage ƙofofi, sai an sami ɗan tudu a bakin ƙofa da mutane za su riƙa tuntuɓe da shi, kuma idan akwai matakala, takin farko ya gajarce. Wannan na ƙarshen ba abin wasa ba ne. Ƙafa da tsayin taki ɗaya take sabawa, bambancin santimita 1 ma yana kayar da mutum.

Idan daɓen siminti ne, ja sandar a ƙasa ka zagaye tudu da rami da alli. Tudu a gurje shi da inji, da takunkumi a hanci. Rami a share ƙurarsa, a shafa ruwan da ke sa sabon siminti ya kama tsoho, sannan a zuba kwaɓin nan mai malala da kansa. Karanta jikin buhun, kowane iri da iyakar kaurin da yake ɗauka a zubi ɗaya. Rami mai zurfi a fara cike shi da kwaɓin yashi da siminti. Don ka san inda za ka tsaya, ɗaura sukuru nan da can a cikin ramin, ka saita kawunansu daidai tsayin da kake so, ka zuba har ya shafe su.

Idan daɓen alluna ne a kan manyan katakan da ke kwance a ƙarƙashi, wato haƙarƙarin daɓen, to gyaran yana ƙasa. Cire allunan ka ja zare a kan haƙarƙarin daga bango zuwa bango. Yawanci tazararsu santimita 40 ko 60 ce daga tsakiya zuwa tsakiya. Wanda ya lotsa a kara masa sabon katako miƙaƙƙe a gefensa, a saita saman sabon da zaren, a haɗe su da gam da noti, kuma sabon ya kai inda tsohon ya hau bango ko ginshiƙi gwargwadon iko. Idan lafiyarsu ƙalau, gangara ce kawai, a yanka dogon katako mai kauri a kai ɗaya siriri a ɗaya kan, a ɗora a kan kowanne, sannan filawud mai milimita 18 a sama, a jera shi ya gitta su. Wanda ya yi tozo a fere shi kaɗan. Kada a sare gurbi a tsakiyar tsawon haƙarƙari, nan ne ya fi shan nauyi.

Mai son ɗaga daɓen da ya lotsa da jak sai ya yi haƙuri, kamar milimita 3 a rana. Abin da ya shekara yana lanƙwashewa, in aka tashe shi rana ɗaya, filastar bangon da ke kansa tsattsagewa za ta yi.

Kwafe bango a jikin katako

Babu dabarar da ta kai wannan amfani a tsohon gida, kuma kayanta fensir ne da guntun katako. Siffar bangon za ka kwashe, da tudunsa da raminsa, ka zana ta a gefen katakon da zai jingina da shi, ka yanka, su haɗu ba gurbi. A ce gefen kabad ne ko allon kanta zai haɗu da bango mai ciki.

1. Tun wajen yankan farko bar rara a gefen da zai taɓa bango, santimita 2 ko 3 fiye da awo, ko fiye da haka in karkatar ta yi yawa.
2. Kafa katakon a wurinsa, a tsaye cak ko a lebur, ka matsa shi har ya taɓa bango a wuri ɗaya, ka riƙe shi da ƙusa ta wucin gadi. Nan aka fi yin kuskure: sai a jingina katakon ya bi bangon sannan a zana. In ba a saiti yake ba lokacin zane, bayan yanka ma ba zai zama a saiti ba.
3. Nemi inda gurbi ya fi faɗi. A ce milimita 14 ne. Yanko guntun katako mai kaurin 14 daidai, ko ka buɗe kamfas irin na ɗalibai zuwa 14.
4. Katako mai duhu ko mai sheƙi, manna masa farin tef na takarda don layi ya fito.
5. Kara guntun a bango, fensir a jikinsa, ka ja su tare daga sama har ƙasa. In kamfas ne, riƙe shi a kwance sak duk tsawon tafiyar, da ka karkata hannu tazarar ta ragu, layin ya ɓaci. Bango mai ƙananan gargada wosha ta fi dacewa da shi: sa bakin fensir cikin raminta, ka gangara da ita tana birgima a jikin bangon.
6. Yanka ta ɓangaren da za a zubar, ka bar layin fensir yana nan. Karkata zarton kaɗan, digiri 5 zuwa 10, yadda bayan katakon zai fi fuskarsa shigewa ciki. Da haka siririn bakin gaba ne kaɗai zai taɓa bango, shi kuwa yana da sauƙin ferewa.
7. Gwada. Inda ya tokare yi alama, ka rage da filen ko magagari ko samfefa a naɗe a guntun katako. Ana gwadawa ana ragewa har ya zauna, haka aikin yake.

Ka sani katakon zai matsa wajen bango da daidai faɗin da ka buɗe kamfas. Idan ɗaya gefen dole ya tsaya a wani wuri takamaimai, misali ya yi daidai da bakin kabad, to ba gurbi mafi faɗi za ka auna ba, sai yawan abin da katakon ya zarce wurin da kake so ya tsaya. Da shi za ka buɗe kamfas, muddin bai gaza faɗin gurbin ba.

Lungun da bango ya kewaye ta gefe uku ba ya kwafuwa haka, allon ba zai shiga ba balle a zana. Nan samfur ake yi. Yanka siraran filawud ko kwali mai tauri, faɗin yatsa uku, ka jera su a jikin bango uku da bakin gaba, kowanne ka kwafe shi da bangonsa, ka manne su a kusurwa da gam, ka ƙara ɗaya a gicciye don kada siffar ta motsa. Ɗauko shi a hankali, ɗora a kan allon, zana. Kowace kanta da samfurinta, domin lungun da ke da faɗin santimita 90 a ƙasa yana iya zama 88 a sama.

Kabad na kicin

Koma wurin tudun da ka zagaye. Daga nan ake fara lissafi, domin ɗaga kabad da waigi, wato ɗan guntun katako mai kauri a kai ɗaya siriri a ɗaya kan, abu ne mai sauƙi, nutsar da shi cikin daɓe kuwa ba ya yiwuwa. Saman teburin kicin yawanci santimita 90 ne daga ƙasa. Auna daga tudun, cire kaurin allon sama, ka ja layi a lebur a duk tsawon bangon. Bakin saman kowane kabad nan zai tsaya.

Fara da na kusurwa. Mai ƙafafun roba masu murɗawa, murɗa har ya hau layi, gaba da baya, hagu da dama. Marar ƙafa, gina masa gindi daban da katako, ka saita gindin shi kaɗai, ka ɗaure shi, sannan ka ɗora kabad. Saita gindi marar nauyi ya fi kokawa da kabad shida sauƙi. Waigi biyu-biyu ake sawa, ɗaya ta nan ɗaya ta can suna hawan juna, don samansu ya zauna a kwance. Waigi ɗaya karkata abin da ke kansa yake yi. Ɗiga musu gam, ka yanke abin da ya leƙo.

Haɗa kowane kabad da ɗan'uwansa, fuskokinsu a layi ɗaya, kafin ka ɗaure su a bango. Ja zare a gabansu ka gani. Sannan duk inda sukuru zai shiga bango, in akwai gurbi a baya, cike shi da waigi kafin ka ɗaure. In ba haka ba sukurun zai ja bayan kabad ɗin ya bi ramin bango, akwatin ya murɗe, ƙofofinsa su ƙi haɗuwa, ka yini kana juya hinjis alhali ba laifinsu ba ne. Gurbin da ya rage tsakanin kabad na ƙarshe da bango a rufe shi da ɗan allo mai faɗin santimita 3 zuwa 5 da aka kwafe, shi ne kuma ke ba ƙofa damar buɗewa ba ta gogi bango ba. Allon da ke rufe ƙafafu a ƙasa shi ma kwafe shi za a yi da daɓe.

Kabad na sama kuwa, tsaga katako a tsawonsa da zarto a karkace digiri 45. Rabi ɗaya a ɗaure a bango a lebur, gangarensa yana sama yana zubawa wajen bango, da waigi a bayansa duk inda bango ya yi rami. Ɗaya rabin a bayan kabad, a kife. Ɗaga kabad ka saƙala. Sukuru ya ratsa filasta ya shiga cikin bulo kamar santimita 5, filasta kaɗai ba ta riƙe kaya. In ka huda ka ji baki ya faɗa fanko ko gari ne ke ta zubowa, matsa ka sake hudawa.

Ƙofa

Ƙofa ba ta ɓoye kuskure. Gefen firem mai ɗauke da hinjis dole ya tsaya cak ta fuska biyu, ko bango ya yarda ko bai yarda ba. In ya jingina, ƙyauren zai riƙa buɗe kansa ko rufe kansa.

Auna faɗin gurbin a sama, tsakiya da ƙasa, tsayinsa hagu da dama, ka yi aiki da mafi ƙanƙanta, ka rage kamar santimita 1 don waigi. Duba daɓen bakin ƙofar: idan hagu ya fi dama tudu da milimita 8, rage milimita 8 daga ƙafar firem ta hagu, sai kansa ya zauna lebur. Kafa gefen hinjis, waigi biyu-biyu a bayan kowanne, ɗaure, ka rataya ƙyauren. Ɗaya gefen da ƙyauren kansa za ka saita shi, ka bar tazarar milimita 3 a sama da gefe biyu. Don ka tabbata ƙafafun firem ɗin ba su harɗe ba, ja zare biyu a gicciye daga kusurwa zuwa kusurwa. Su ɗan taɓa juna a tsakiya, ba turawa ba rata.

Daɓe yana iya yin tudu a inda ƙyauren ke zagayawa, ba a bakin ƙofar ba, saboda haka auna duk zagayen kafin ka yanke ƙasansa. Ƙyauren da cikinsa fanko ne katakon gindinsa ɗan kaɗan ne. In dole sai ka yanke da yawa, ciro katakon daga guntun da ya faɗi, kankare shi, ka mayar da shi ciki da gam. Shafa fenti a wurin yankan, ta nan damshi ke shiga.

Tsohon firem mai ƙarfi, wanda gefen hinjis ɗinsa bai kauce sosai ba, ni ba na goyon bayan cire shi. Jingina sabon ƙyaure a bakinsa, kwafe, ka yanka ƙyauren ya bi firem. In kuma sabon firem ne a tsaye a cikin bangon da ya jingina, za ka ga ya leƙo a kai ɗaya ya nutse a ɗayan. Inda ya leƙo fere shi, inda ya nutse ƙara masa siririn katako mai tsini kafin ka sa katakon kwalliyar bakin ƙofa.

Katakon gindin bango da kusurwa

Kanta, tebur, aljihu da ƙofa aiki suke yi, dole su bi ma'auni. Katakon kwalliya kuwa ido ne alƙalinsa. Idan daɓe ya gangara sumul, bar katakon gindin bango ya bi shi, ba wanda zai lura. In ka nace sai lebur, kai ɗaya zai fito da faɗin santimita 10, ɗayan 7, kowa ya shigo sai ya gani. In gargada ce, bar samansa a miƙe ka kwafe ƙasansa. Abin da za a kafa kusa da silin mai gangara kuma a raba bambancin biyu, rabi ga ma'auni rabi ga silin.

Kusurwar waje kada ka yanka 45 da 45 kai tsaye. Kwantar da guntun katakon a jikin bango ɗaya ya zarce kusurwar, ja layi a ƙasa ta bakinsa na waje, ka yi haka a ɗaya bangon. Daga bakin kusurwar zuwa inda layukan biyu suka gitta juna, wannan ne layin yanka. Kusurwa mai digiri 88 kowane ɓangare 44 ne, mai 94 kuwa 47. Gwada a guntaye tukuna.

Kusurwar ciki ta fi kyau idan katako na farko ya shiga a yanke sak har ya tokare bango, na biyu a yanka shi 45 don siffar fuskarsa ta bayyana, sannan a bi bakin siffar da siririn zarto ana karkata shi baya, ya hau kan na farkon. Irin wannan haɗi ba ruwansa da ko kusurwar 87 ce ko 93, kuma ba ya buɗe baki in katako ya bushe. Kada ka tilasta wa katakon shiga kowane ramin bango. Ɗaure shi a inda ya taɓa, cike bayansa a inda bai taɓa ba. Gurbin sama da bai wuce milimita 5 ba fila mai laushi, wato kwaɓin cike gurbi, ta rufe shi, wanda ya wuce haka filasta yake so.

In bangon ya wuce kwafa

Cikin da ya haura santimita 2 ko 3, kuma bangon gaba ɗaya za a rufe da allo, gara a yi masa sabuwar fuska da tubaitu, wato katako mai inci biyu kauri da faɗi, mai maganin gara. Nemo inda bangon ya fi turowa, shi ne ma'auninka. Kafa na farko da na ƙarshe a tsaye cak. Ja zare tsakaninsu a sama, tsakiya da ƙasa, ka sa guntun katako mai kauri ɗaya a ƙarƙashin zaren a kowane kai, ka riƙe na uku a hannu. Kowane tubaitu na tsakiya ka cike bayansa har guntun hannunka ya shige tsakaninsa da zaren yana ɗan shafa. Tazarar ta dace da allon da za ka rufe: mai faɗin santimita 120 a yi 60 ko 40, mai 122 a yi 61. Ɗakin zai ragu da santimita 6 ko 7 ta wannan gefen, soket da bakin taga sai an fito da su. Bango mai damshi kuma ba a rufe shi sai an magance damshin.

Duk katakon da za ka yi wannan aiki da shi ya kwana a ɗakin kamar mako guda kafin yanka, a jere da 'yan sanduna a tsakani don iska ta ratsa. Na cikin ɗaki damshinsa kashi 8 zuwa 12 cikin 100 ake so. Katako a faɗinsa yake kumbura da tsukewa, tsawonsa kusan ba ya motsi, shi ya sa ake barin rata ta santimita 1 tsakanin katakon shimfiɗa da bango ta kowane gefe. Katakon gindin bango shi ke rufe ratar, kuma a jikin bango ake ɗaure shi, ba a daɓen ba, don daɓen ya sami damar motsi a ƙarƙashinsa.